Minti Ashirin da Biyar Daga McLeansville

Babu minti ɗaya a rayuwar ɗalibi da ba za a iya mayar da shi maki ba. Malam Boukari ne ya gano haka, wata Asabar a watan Agustan 2003, a babban ɗakin taro na jami'a inda aka tara iyayen sababbin ɗalibai aka raba musu lemo da takardu. Cikin takardun akwai wata mai shafi huɗu da ke cewa duk mai son shiga makarantar lauyoyi kada ya jira shekara ta uku. Ya fara shiri tun makon farko, ya kula da makinsa, ya san malamansa su ma su san shi, ya saba da karatu mai nauyi, ya fara leƙa jarrabawar shiga da ake kira LSAT. Sauran iyaye sun yi fifita da takardar, suka bar ta a kan kujera. Malam Boukari ya kai tasa gida, ya huda ta, ya sa a cikin wani koren fayil, ya rubuta a bayansa da manyan baƙaƙe: DOSIYE.

Ya san darajar dosiye. Shekara tara ya yi yana buga tafireta a kotun Damagaram kafin ya zo Amirka. Ya ga lauyoyi suna zuwa daga Yamai cikin baƙar riga, alƙali yana ce musu Metir, shi kuma ana ce masa, kai, kawo takardar nan. Yanzu kujeru da gadaje yake lodi a wani sito a garin High Point, motar kamfani ce ke ɗaukarsa bayan sallar asuba. Amma 'yarsa ta fari, Zahara, ta shiga jami'a, kuma daga wannan Asabar bai ƙara kiranta da wani suna ba sai Metir.

Wannan bai canza komai ba a wajen matarsa Oumaima, domin ita dama ba ta kiran sunan. 'Yar fari ce, kuma Oumaima a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, aka rene ta, inda uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta bari a kama ta tana kallonsa. Da aka yaye Zahara sai aka kai ta ɗakin kakarta, Inna, kamar yadda ake yi. Can ta zauna lokacin da iyayenta suka taho, can ta zauna har aka haifa mata ƙanne biyu a Greensboro. Sai da ta shekara goma sha uku takardunta suka fito. A filin jirgi Oumaima ta dubi takalmin yarinyar, ta dubi jakarta, ta ce, "Inna ta ba ki saƙona?" Iyakar tarbar ke nan. Mutanen masallaci suna kiranta Maman Hanifa, da sunan ta biyu. Ita kuwa idan dole ta kama ta ambaci ta farin, sai ta ce Ta Inna.

Gidansu yana McLeansville, a ƙarshen wata hanya tsakanin gonar ciyawa da wani coci mai farin fenti. Bas ba ya zuwa can. Mota ɗaya gare su, tsohuwar Toyota mai cin kaset, kuma Oumaima ce ke tuƙa ta zuwa otel ɗin da take aiki a ɗakin wanki. Jami'a a kan hanyarta take. Sai aka tsara cewa kullum da safe za ta sauke Zahara a titin Spring Garden ta wuce.

A makon farko Oumaima ta gano abin da babu shi a cikin takarda mai shafi huɗu. A cikin mota babu mai kallon wani. Dokar ƙasa ce ta ce direba ya dubi hanya, kuma wanda yake duban hanya yana iya faɗin abin da ba zai faɗa a tsakar gida ba.

"Har yanzu Inna tana ɓoye goro a cikin fanteka?"

"A ta ƙasa," in ji Zahara. "Tana ganin babu wanda ya sani. Ni ce nake sace mata."

"Ni ma na sata."

Zahara ta juyo, sai ta tuna, ta mayar da kanta gaba. Ta shiga kwaikwayon muryar Inna tana ciniki a kasuwar Dole, tana rantsuwa cewa bara rabin haka ta saya. Oumaima ta yi dariya har ta wuce inda za ta juya. Washegari ta tambayi wanda ya yi wa yarinyar kitson sallah tana shekara bakwai. Kashegari kuma ta tambayi ranar da ta fara azumi, da wanda ya ɗauke ta lokacin da ta yi ƙyanda. Shekara goma sha ɗaya ce ta rasa, tana karɓarsu kaɗan-kaɗan tsakanin McLeansville da danjar farko ta titin Wendover. Ta san shekara huɗu gare ta, daga nan yarinyar za ta tafi inda dosiye ya ce. Ba ta nemi fiye da haka ba.

Mako uku aka yi. A na huɗu Malam Boukari ya zauna bayan la'asar da biro.

"Bon. Daga nan zuwa jami'a minti nawa ne?"

"Ashirin da biyar," in ji Oumaima. "In babu jirgin ƙasa."

"Me kuke yi a ciki?"

"Tuƙi."

"Ke ce ke tuƙi. Metir fa?"

Zahara ta amsa da Turanci cewa ba sa yin komai, hira kawai suke yi.

"Hira," in ji shi, ya rubuta wani abu. "Minti ashirin da biyar sau biyar a mako, mako talatin a shekara, shekara uku kafin jarrabawa. Kun san awa nawa ke nan? Ɗan alƙali a Charlotte ba ya hira a mota. Ubansa yana yi masa tambayoyi."

"Ni ban san tambayoyin ba, Malam."

"Shi ya sa Allah ya yi kaset."

Tsarin mai sauƙi ne, kamar duk tsarin da wani zai aiwatar. Duk bayan mako uku, ranar Lahadi, Zahara za ta zauna da rikoda ta karanta abin da za ta riƙa saurara: kalmomi masu wuya, hukunce-hukuncen kotu da aka aro daga laburare, da tambayoyin tsofaffin jarrabawa. Kuma saboda Malam Boukari ya ga yadda ake buɗe zaman kotu, kowane kaset sai ya fara da suna da lamba. Zahara Boukari, kaset na ɗaya.

Ranar Litinin Oumaima ta tura kaset da hannunta. Sunan ya fito daga ƙofofin mota biyu, ta ji kamar an ɗaga mata mayafi a kasuwa. Daga nan sai Turanci, ba irin na otel ba wanda ta iya, wani Turanci mai dogayen ƙafafu da ba ya tsayawa shan ruwa. Zahara tana zaune a gefenta, leɓenta yana bin muryarta. Suka wuce cocin, suka wuce gonar, suka wuce mai sayar da tayoyi. A Spring Garden ta ce, "Sai an jima, Mama." Oumaima ta ce, "To."

Haka shekarar farko ta tafi. Maki ya yi kyau. Malam Boukari ya huda takardar sakamako ya sa a dosiye. Ya kuma umarci Metir ta riƙa zuwa ofishin kowane farfesa sau ɗaya a mako da tambaya, ko tana da ita ko ba ta da ita, don ranar da za a nemi wasiƙar shaida kada a ce wace ce. Ya so ya aika wa mai koyar da tarihi kilishi, Zahara ta roƙe shi da girman Allah.

A shekara ta biyu kaset ya canza sauti. Jimlolin suka gajarta, haruffa suka yi yawa. Wata safiya da jirgin ƙasa ya tsare su, Oumaima ta rage murya.

"Wace ce wannan F da ake ta kira tun jiya?"

"Ba kowa ba ce, Mama. Wasan ƙwaƙwalwa ne, yana cikin jarrabawar."

"Faɗa min."

Zahara ta yi tsaki kaɗan, ba na raini ba, na neman kalma. "Mutum shida za su zauna a benci ɗaya. F ba za ta zauna kusa da G ba. In H ta zauna a farko, to dole J ta zauna a ƙarshe. K kullum tana hagun G."

"Me G ta yi wa F?"

"Babu abin da ta yi mata. Doka ce kawai."

"Babu mai ƙin zama kusa da mutum haka kawai. To ita K, ƙanwar G ce?"

"A ce haka."

"To ai an gama. Ki sa G da ƙanwarta can gefe, ki sa wata mai haƙuri a tsakani, F ta zauna kusa da ƙofa don ita ce za ta fara fushi ta tashi. Wa ya rage?"

Zahara ta duba littafin da ke cinyarta, ta buɗe bayansa, ta daɗe tana kallo.

"Mama, daidai ne."

"Suna nawa na raba wa tabarma a garin nan? Ranar sunan gidan Alhaji Dabo mata arba'in na zaunar, rabinsu ba sa gaisawa."

Wata biyu suka yi a haka. Kaset yana karantawa, Zahara tana fassarawa, Oumaima tana zaunar da haruffa. F ta zama mai baƙar zuciya, H ta zama mai son a gan ta, J kuwa baiwar Allah ce, ko'ina aka ajiye ta sai ta zauna. Ba hirar Damagaram ba ce, amma Hausa ce, kuma akwai dariya a ciki. Oumaima ta fara fita da wuri ko jirgin ƙasa zai tsare su.

Zahara ce ta tona, da kyakkyawar niyya. Ta faɗa wa ubanta a wajen cin abinci cewa Mama ta fi 'yan ajinsu iya wasan.

"Da wane yare?"

"Ina fassara mata."

Malam Boukari ya ajiye cokali. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Ya yi bayani ne, wanda ya fi faɗa daɗewa. Jarrabawar da Turanci ake yin ta, da agogo a gaba. Ƙwaƙwalwar da ta saba zagayawa ta Hausa kafin ta dawo za ta yi asarar daƙiƙa goma a kowace tambaya, kuma daƙiƙa goma ita ce tazarar da ke tsakanin Metir da mai kawo takarda. Ya san wannan, ya tsaya a ɓangaren da ake kawo takardar.

Oumaima ta dubi mijinta, ta ga hannunsa da igiyar lodi ta yi wa kanta, ta ce, "Gaskiya ne."

A ɗakin wanki akwai Anti Kubura, Bakanuwa, wadda ta shekara ashirin a Amirka ba ta bar wata magana ta kwana a cikinta ba. Su biyu suke ninke zanin gado, kowa da gefensa.

"'Yar Nijar, kin daina ba ni labarin F."

"An hana."

"Wa ya hana? Babban Joji?"

"Karatu ne, Anti."

"Karatu. Ke kuma direba. Ki ce masa ya saya miki hula." Ta ja zanin har ya yi ƙara. "Ni nawa Muzammil kullum sai na ce masa ina son sa. Da Turanci ma, don kada ya ce bai gane ba."

"Ba ɗan fari ba ne."

"Ɗan fari ne mana. Na bar wannan kunyar a filin jirgin Kano, an ce kaya sun yi nauyi."

Oumaima ta yi murmushi, ta haɗa gefenta da na Kubura. Ita tata kunyar ta wuce awo ba wanda ya tsayar da ita.

Shekara ta uku ta fi kowace shiru. Zahara ta sami aikin sa kai a ofishin wani lauya a Elm Street, tana jera masa fayil ranar Talata da Alhamis, abin da Malam Boukari ya kira gogewa, ko da yake shi da ya yi irinsa shekara tara bai taɓa kiransa haka ba. Kaset ya kai na ashirin da wani abu. A watan Yunin 2006 ta zauna jarrabawar. Da sakamako ya fito, Malam Boukari ya kai shi masallaci a aljihun gaba, ya nuna wa mutanen da ba su san ko lambar babba ce ko ƙarama ba, suka ce ma sha Allah don ganin fuskarsa.

Oumaima ta ɗauka yanzu za a mayar mata da motarta. An mayar. Babu wanda ya ƙara yin kaset. Sai dai hirar ba ta jira su a inda suka bar ta ba. Ranar farko ta shekarar ƙarshe ta share maƙogwaro wajen cocin, ta ce an ce ruwa ya yi yawa bana a Damagaram. Zahara ta ce haka ta ji. Yarinyar ta girma, tana da wani ɗan farin abu da take toshe kunne da shi, tana da takardun neman shiga makarantun lauyoyi guda takwas a cinyarta, kuma Hausarta ta fara tsayawa tana jiran kalma. Shirun shekara uku ya zama kamar mutum na uku a motar, ya san wurin zamansa.

Cikin takardun akwai wadda ake so ɗalibi ya ba da labarin kansa. Zahara ta rubuta a kan Inna: yadda tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba take sasanta maƙwabta a zaure. Malam Boukari ya karanta wa matarsa yana fassarawa. Rubutu ne mai kyau. Oumaima ta fito a shafi na biyu, a jimla ɗaya, inda aka ce mahaifiyata ce take kai ni makaranta kullum.

"Kin ji? Har da ke."

"Na ji."

A watan Maris ambulan masu kauri suka fara zuwa daga makarantun da suka karɓe ta. Biyu ne suka rage a kan tebur bayan an tace. Ɗaya daga makarantar da ke nan cikin gari, wadda daga ƙofarta ana iya hango inda Oumaima take juyawa zuwa otel. Ɗaya daga wata makaranta a jihar Minnesota mai nisa, wadda sunanta yake can sama a jerin makarantun da ke shafin farko na dosiye. Malam Boukari, a matsayinsa na mutumin shari'a, ya sanar cewa ba zai sa baki ba, hukunci na Metir ne. Daga nan ya liƙa taswirar Minnesota a jikin firij.

Ranar Laraba ce, itatuwa sun zubar da ƙurarsu mai ruwan ɗorawa a kan gilashin mota. Sun wuce mai tayoyi sai Zahara ta cire abin kunnenta ta naɗe wayar a yatsa.

"Mama."

"Na'am."

"Jumma'a zan ba su amsa."

"Allah ya zaɓa mafi alheri."

"Amin. Amma ta nan ma tana da kyau. Shekara uku ce. Zan iya zama a gida." Ta tsaya, ta nemo sauran. "Za mu riƙa tahowa tare."

Danja ta yi ja. Oumaima ta taka birki, ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Ke me kike so? Kina so in zauna?"

Ba a taɓa yi wa wata uwa a zuriyarsu wannan tambayar ba. Da Inna ce a kujerar baya, da ta ji amsar tun kafin a buɗe baki, daga yadda wuyan 'yarta ya ƙage. Akwai amsa ɗaya da uwa take bayarwa a kan ɗan fari, an koya wa Oumaima ita tun kafin ta san me ake ɓoyewa, kuma ita ce ta fito.

"Ni me zan yi da ke? Gida ya cika da mutane. Ki tafi inda ubanki yake so, in huta da tuƙi."

A Birni ko yarinya 'yar shekara goma ta san abin da wannan yake nufi. Ita ma Zahara ta taɓa sani. Amma ta shekara tara a ƙasar da ake tambaya a ba da amsa, ta kuma shekara uku tana koyon cewa abin da aka faɗa shi ne abin da aka faɗa, kada a ƙara masa, kada a yi masa zato. A wannan fannin makinta yana cikin na sama a ƙasar.

"Okay," in ji ta.

Direban baya ya yi ham. Hannun Oumaima ya rasa inda zai je, ya tura kaset ɗin da ya kwana wata tara a bakin rediyo. Zahara Boukari, kaset na goma sha ɗaya. Mutum shida za su zauna a benci ɗaya. Babu wadda ta kashe shi har Spring Garden.

Anti Kubura ta saki gefen zaninta ya faɗi ƙasa.

"Ta tambaye ki da bakinta?"

"Da bakinta."

"Kika ce ki huta da tuƙi."

"Ta san abin da nake nufi."

"Ta sani a ina? A kaset? Maman Hanifa, yaran nan in ba ki rubuta musu kin sa hannu ba, ba su ji ba. Gobe ki faɗa mata. Ba sai kin ce kina son ta ba, kada ki suma a kan hanya. Ki ce kawai, zauna."

Oumaima ta yi niyya. Ta gwada kalmar a ɗakin wanki, injin yana rufe mata murya. Ta gwada ta a hanyar komawa gida. Kalma ce ƙarama, tana faɗa wa Hanifa ita sau goma a yini.

Da ta isa gida ta tarar Malam Boukari ya dawo da wuri, yana tsaye a falo da babbar riga a ranar aiki. Metir ba ta jira Jumma'a ba. Ta aika wa Minnesota da amsar daga laburare da azahar, ta kira shi a wajen aiki. Yana riƙe da koren fayil a ƙirjinsa, idonsa ya yi ja, yana ta cewa, "Oumaima, kin gani? Kin gani?" Shekara goma sha shida, tun zuwansu Amirka, ba ta ga bayansa ya miƙe haka ba. Zahara tana zaune a hannun kujera, ta ɗago ta dubi uwarta ido cikin ido, yadda ake yi a nan.

Oumaima ta dubi takalmin yarinyar. Ta ce an ce can akwai sanyi, sai an nemi manyan riguna.

A watan Agusta uban ya raka ta. Ya ɗauki hoto a gaban ginin, ya ɗauki hoton laburare, ya ɗauki hoton wata baƙar riga a cikin gilashi. Da ya dawo, bayan sallar Jumma'a, iyaye suka kewaye shi suna tambayar sirrin. Ya ce babu wani sirri. Babu minti ɗaya a rayuwar ɗalibi da ba za a iya mayar da shi maki ba. Ya ce su duba gidajensu da kyau, za su ga lokaci yana zube ko'ina babu mai amfani da shi. Alhaji Dabo ya roƙi aron kaset ɗin don 'yarsa. Malam Boukari ya ce ya zo ya kwashe duka.

Da Alhaji Dabo ya zo, an ba shi kwali. Bai ƙirga ba, don haka bai san babu na goma sha ɗaya ba.

Zahara tana kira ranar Lahadi. Tana magana da ubanta a kan darussa, da ƙannenta a kan abin da ba a fassarawa, sannan a miƙa wa Oumaima.

"Kina cin abinci?"

"Ina ci, Mama."

"To. Ga babanki."

Ranar Litinin ta fito ƙarfe bakwai da kwata, kamar kullum, ko da yake yanzu akwai hanyar da ta fi kusa da otel. Ta wuce cocin da gonar. Jakarta tana ƙasa, ba ta ɗora ta a kujerar gefe. Wajen mai tayoyi ta tura kaset.

Zahara Boukari, kaset na goma sha ɗaya.

Ta bar F da G suka fara rigimarsu. A danjar farko ta Wendover ta danna, kaset ya koma baya da ɗan kukansa, ya tsaya. Ta sake turawa, sunan ya sake fitowa. Akwai danja bakwai kafin Spring Garden, kuma in an yi sa'a akwai jirgin ƙasa.